Alhaji, 90 Ba Ta Kai 100 Ba

Tun jiya takardar sakamakon jarrabawar fiyano ta matakin farko ta ɗan wani Alhaji take yawo a zaurukan WhatsApp na iyayen yara, daga Agege har Obalende, kowa yana tofa albarkacin bakinsa. Wai an zalunci yaro, wai mai jarrabawa ba ya ƙaunar ɗan Najeriya. Alhaji, ka yi haƙuri, babu wanda ya zalunci ɗanka a ɗakin jarrabawa. Tun a gida aka cuce shi, wata shida kafin ranar. Kai da hannunka ka saka hoton takardar: kaɗe-kaɗe uku ya samu 24, 23, 24. Hawa da sauka 11. Karatun nan take 7. Gwajin kunne 8. Jimla 97. Abin ya ɓata min rai matuƙa, domin yaron yana da hannu, duk wanda ya kalli bidiyon kiɗansa ya shaida.

Ku zo mu yi lissafi. Jarrabawar fiyano ta ABRSM, hukumar nan ta Landan da aka kafa a 1889, maki 150 ce. Ana ci da 100, yabo daga 120, zarra daga 130. Kaɗe-kaɗe uku ne, kowanne 30, ke nan 90. Hawa da sauka, abin da malamai ke kira sikel, 21. Karatun nan take, wato kaɗa rubutaccen kiɗan da yaro bai taɓa gani ba, 21. Gwajin kunne 18. Ko yaro ya kaɗa ukun nan babu kuskure ko ɗaya, 90 ce iyakarsa, kuma 90 ba ta kai 100 ba. Saura maki 60 suna can inda ba a taɓa kai shi ba.

Sittin, jama'a! Malami ya zo gida wata da watanni, sau biyu a mako, ana biyan sa, abin da yake yi kawai shi ne "sa yatsanka nan, yanzu nan", yaro yana bin hannunsa da ido. Wannan haddar aku ce. Kamar ɗan aji ɗaya ne da ya haddace littafin karatu daga bango zuwa bango, ka rufe hoton ka nuna masa kalma ɗaya ya yi tsuru-tsuru. Baƙi su zo falo ya kaɗa musu, a yi tafi, a ɗauki bidiyo. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Cikin minti 12 mai jarrabawa zai gane ko yaro yana karatu ko yana kwaikwayo.

Wani zai ce ai kunnen yaron ya fi na masu karanta takarda, makaɗanmu na gargajiya wace takarda suka karanta? Gaskiya ne, amma ba su biya kuɗin wannan jarrabawa ba, kai ka biya. Wata za ta ce ai yaro ne, kada a takura masa. Hajiya, takurar da ta fi a tura shi gaban baƙon mutum da takardar da bai iya karantawa ba fa? Masu cewa me ya haɗa ɗan Bahaushe da fiyano kuwa, ba da ku nake yau ba.

A matakin farko abin da ake nema na hawa da sauka bai taka kara ya karya ba. C babba da hannu biyu tare, zango ɗaya, wato daga C zuwa C na gaba. G da F manya, A da D ƙanana, kowane hannu shi kaɗai, zango biyu. Sai C da hannaye ke rabuwa daga tsakiya, ɗaya ya yi dama ɗaya hagu, su dawo su haɗu. Sai tsallake-tsallaken G da A, wato hawa da sauka ana tsallake wasu maɓallai, zango ɗaya. Duk da ka ake yin su, ba a buɗe littafi.

Inda yara ke faɗuwa shi ne yatsu. Babban yatsa shi ne 1, ƙaramin 5. Hannun dama a C yana tafiya 1, 2, 3, babban yatsa ya ratsa ta ƙasa, 1, 2, 3, 4, 5. To a F ba haka ba ne, 1, 2, 3, 4 ne sannan babban yatsa ya ratsa. Dalili kuwa, na huɗu a F baƙin maɓalli ne, babban yatsa gajere ne, in ya hau kansa sai tsintsiyar hannu ta murɗe, sautin ya yi tuntuɓe. Yaron da ba a gyara masa wannan tun makon farko ba, da shi zai shiga jarrabawa. A G kuma wurin da ake sarƙewa shi ne mahaɗar zango na ɗaya da na biyu, lokacin da yatsa na 4 ke kan baƙin maɓalli, babban yatsa zai shige ya kama G. A ware wannan wurin kaɗai, maɓalli huɗu, a maimaita sau goma a hankali kafin a haɗa duka. A saka metronom, manhajar da ke ƙirga bugu, a waya, kyauta ne, a sa shi 60, sauti ɗaya kowane bugu. Sai yaro ya yi sau uku a jere babu tangarɗa sannan a ƙara sauri kaɗan.

Karatun nan take shi ne ya fi ci min rai, domin maki 21 ne mafi arha a duk jarrabawar. Gaɓa, wato ɗan yankin layin kiɗa, huɗu ce ko shida kacal, hannu ɗaya ya yi ya miƙa wa ɗayan, ba sa kaɗawa tare, kuma yatsu biyar ba sa barin inda aka ajiye su. Ana ba yaro rabin minti ya duba, har ma an yarda ya gwada. A rabin mintin nan ya fara duba alamar da ke farkon layi ya san ko akwai baƙin maɓalli, ya duba bugu nawa ne a gaɓa, ya ɗora hannayensa biyu a mazauninsu tun kafin ya soma, ya ƙirga a zuciya. In ya soma, kada ya tsaya. Wanda ya yi kuskure ya wuce ya fi wanda ya koma baya sau uku yana gyara. Ba a koyon wannan a makon ƙarshe, ba a fafe gora ranar tafiya. Layi biyu sabbi kowace rana, waɗanda bai taɓa gani ba. Da zarar ya kaɗa layi sau biyu ya zama hadda, a wuce gaba.

Gwajin kunne kuwa, wallahi ɗan Bahaushe bai kamata ya samu 8 ba. Yaron da tun yana goye kunnensa ke raba kukan jariri da miyar kuka ta hawa da saukar murya kaɗai? Za a kaɗa ya bi da tafi, yana ƙarfafa bugun farko, ya faɗi ko bibbiyu ne ko uku-uku. Za a kaɗa gajerun sautuka sau uku ya maimaita da murya. Za a sauya sauti ɗaya ya faɗi ko a farko ne ko a ƙarshe. Sai tambaya kan ƙarfi da taushi, da ko sautukan a haɗe suke ko a yanke. Kunya ce ke kayar da yaranmu a nan, ba su saba rera komai gaban babba ba, sai murya ta maƙale. A saba musu a gida, gaban kawu, gaban gwaggo. Wanda ya kasa buɗe baki ya yi da hanci, ana karɓa.

Minti 25 a rana ya wadatar: biyar hawa da sauka, biyar karatun nan take, uku kunne, sauran kaɗe-kaɗe, kuma a fara da wurin da ya fi wuya. Wannan ya fi awa uku ranar Asabar nesa ba kusa ba. Saura mako huɗu a yi gwaji cikakke a gidan wani, kan fiyanon da bai saba da shi ba. A duba shekarar da ke bangon littafi, domin duk shekara biyu ake sauya kaɗe-kaɗen. Masu yin jarrabawar wasu hukumomin, Trinity ko MUSON da ke Onikan, su nemi nasu tsarin, ba ɗaya ba ne.

Na ga masu ba Alhaji shawara ya koma jarrabawar ABRSM ta bidiyo da aka fito da ita a 2020, kaɗe-kaɗe huɗu, babu karatu babu kunne. Jarrabawa ce ta gaske, zai iya ci. Amma yaron dai har yanzu bai iya karatu ba, kuma mataki na gaba na jiran sa. Don Allah kada a yi masa faɗa. Abin da aka koya masa ya yi shi da kyau. Maki uku ya rasa. A zaunar da malamin a nuna masa 11 da 7 da 8.

Af, tun da ana maganar kayan kiɗa, masu zuwa Alaba sayen kibod na hannu su buɗe ido. Fiyanon jarrabawa maɓalli 88 ne, 52 farare 36 baƙaƙe, kuma suna da nauyi. Mai 61 ɗin nan mara nauyi, yaro ya saba da shi, ranar da ya taɓa na gaske sai sautin ya ƙi fita. Ka sa a kunna a gabanka, ka danna kowane maɓalli a hankali sannan da ƙarfi, in ƙarar ba ta sauya ba ka bar musu kayansu. Ka shinshina ta wajen lasifika, danshin Legas yana cin na'urar ciki. Kuma kada ka jona shi kai tsaye a janareta, ka haɗa da sitabilaiza.