Fim ɗin da ba a jin maganar mutanen cikinsa ba dokumentari ba ne

Wai wannan gajeren dokumentarin na hira da wata tsohuwa, da kuka kwana kuna yaɗawa, shi ne ya zo na ɗaya a nunin ayyukan ɗaliban? To madalla, Allah ya sanya alheri. Minti 14 cur, an zaunar da tsohuwar da ita ce ƙashin bayan labarin gaba ɗaya, bakinta na motsi, hannunta na nuni, idonta har ya kawo ruwa a wani wuri, amma abin da ke shiga kunne shi ne iska tana dukan makirfo, fanka tana kuka a saman ɗaki, ga kuma kiɗan fiyano an ɗora a kai kamar an biya shi kuɗin ya hana ta magana. A ƙasa kuwa sai yabo: hoto ya fita, kala ta zauna, ɗaukar duron, wato ƙaramin jirgin nan mara matuƙi mai kyamara, ta yi kyau. Na ji. Me tsohuwar ta ce? Cikin masu yabon nan a samo mini mutum ɗaya da zai maimaita jimla biyu daga bakinta.

Dokumentari magana ce. Ka je wurin mutum, ka roƙe shi lokacinsa, ya buɗe maka cikinsa, ya faɗi abin da wataƙila bai taɓa faɗa wa kowa ba. In ka dawo da hoton fuskarsa ka baro muryarsa a can, ba ka dawo da komai ba. Mai kallo yana yafe hoto mai duhu, yana yafe kyamara mai rawa, har yakan ce hakan ya ƙara wa fim kamannin gaskiya. Amma ba ya yafe sautin da ke sa shi matse ido yana kasa kunne. Daƙiƙa kaɗan zai jure ya wuce abinsa.

Na san abin da za a ce: ɗalibai ne, ba su da kayan aiki. Wannan uzurin ya tsufa. Wanda ya samo duron ya kasa samo makirfon maƙalawa a riga? Kuma matsalar ma ba ta tsadar makirfo ba ce, ta nisa ce. Duk lokacin da ka ninka tazarar da ke tsakanin baki da makirfo, ƙarfin muryar da ke isowa yana raguwa da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Makirfon da ke santimita 25 daga baki, da wanda ke kan kyamara mita 2 daga mutum, sau uku ke nan aka ninka tazarar, wato desibel 18 ka zubar. Ita kuwa hayaniyar ɗakin tana nan yadda take, ba ta ragu da komai ba. In ka zo tacewa ka ɗaga muryar don a ji, tare za su tashi da fankar da motar da ke wucewa. Shi ya sa tsohuwar wayar da aka ajiye kusa da ƙirjin mai magana take kayar da makirfo mai tsada da aka bari a kan kyamara. Matsar da makirfo kusa. Rabin ilimin ke nan, kuma kyauta ne.

Tunda abin ya kai sai an faɗa dalla-dalla, ga shi. Makirfon riga ana maƙala shi ne kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, a tsakiyar ƙirji. In ka kai shi can ƙarƙashin maƙogwaro murya za ta toshe, in ya sauka ciki ɗakin zai shigo. Ka lanƙwasa wayarsa ka manne ta daga cikin riga, domin duk jan da aka yi mata yana fitowa kamar ana yaga takarda. Ka duba sarƙa, mayafi ko gemun da zai riƙa gogarsa. In kuma makirfon da ake ɗaurawa a doguwar sanda ne, a riƙe shi daga sama, ɗan gaba da mutum, bakinsa na kallon bakin mai magana, tazarar santimita 30 zuwa 60, a sauko da shi har sai ya leƙo cikin hoto sannan a ɗaga kaɗan. Wanda ya riƙe shi mita ɗaya da rabi sama don tsoron kada ya shiga hoto, motsa jiki kawai yake yi. A waje kuwa, soson nan da ke zuwa da makirfo ba ya tare iska, sai an sa masa rigar gashi.

Na'urar naɗa sauti a saita ta kan kilohaz 48, shi ne ma'aunin da bidiyo ke tafiya a kai, da bit 24 in tana da shi. A sa mutum ya yi magana yadda zai yi a hirar, ba ƙirgen ɗaya, biyu, uku ba, don kowa da wata murya daban yake ƙirga. Tambaye shi yadda ya iso wurin, ka daidaita har ƙololuwar muryarsa ta riƙa tsayawa wajen desibel -12 a ma'aunin na'urar, wato 12 ƙasa da iyakarsa ta 0. Wannan ratar da ka bari ta dariya ce da ɗaga murya. Muddin ma'aunin ya bugi 0, kan igiyar sautin ya yanke, muryar ta fashe, kuma abin da ya yanke ya tafi. A kashe tsarin nan da ke daidaita ƙarfin sauti da kansa, domin da mai magana ya yi shiru sai ya ɗaga hayaniyar ɗakin, da ya ci gaba sai ya danne harafin farko. Shi ne wannan shuuu da ke tashi tana kwanciya a fim ɗin naku daga farko har ƙarshe.

Sai hedfon. Wallahi wannan ya fi ba ni haushi. Mutum huɗu a bayan kyamara duk sun zuba wa ɗan ƙaramin allo ido, babu ko ɗaya mai abu a kunne. Kallon ma'auni yana hawa yana sauka ba sauraro ba ne, ma'auni bai san bambancin murya da gogar riga ba. Kunnenka yana tace ƙarar firji ya manta da ita bayan minti biyu, makirfo ba ya mantawa. Kafin a fara, kowa ya yi tsit, mai sauti ya rufe ido ya saurari ɗakin na rabin minti. Fanka, firji, na'urar sanyaya ɗaki, agogon bango, talabijin ɗin maƙwabta. A kashe abin da za a iya kashewa. Masu wannan sana'a in sun kashe firjin mutane sukan jefa makullin motarsu a ciki don kada su tafi ba su kunna ba. Wayoyi a sa su a yanayin jirgi. Ɗakin da babu komai sai bango da tayil amsa-kuwwa zai ba ka, a koma mai labule da kujeru da katifa, ko a rataya bargo biyu a inda kyamara ba ta gani. Amsa-kuwwa ta fi kowace hayaniya wuyar cirewa, saboda muryar ce kanta take dawowa.

"Ai za a gyara a wurin tacewa." Fargar Jaji. E, akwai manhajoji, Audacity kyauta ce, DaVinci Resolve ma tana da ta kyauta, kuma sababbin masu tsabtace murya suna abin mamaki. Amma ka matsa musu da yawa, tsohuwarka za ta koma kamar tana magana daga cikin bokitin ruwa, ƙarshen kalmomi ya ɓace, numfashinta ya ɓace, rawar da muryarta ta yi lokacin da ta ambaci abin da ke mata ciwo ita ma ta tafi. Wannan rawar ita ce fim ɗin. Ko mai rage hayaniyar ma yana son ka ba shi samfurin hayaniyar zalla, kuma ba za ka samu ba sai in ka naɗi shirun ɗakin. Bayan an gama hira, kowa ya tsaya inda yake, makirfo inda yake, a naɗi daƙiƙa 30 zuwa 60 ba mai motsi. Da shi ake cike gurbin duk inda aka yanka magana. In babu shi, kowace yanka sai an ji duniya ta ɗauke wuf ta dawo.

In sauti da hoto a na'urori biyu ake ɗauka, a yi tafi ɗaya mai ƙarfi a gaban kyamara a farko, a sake wani a ƙarshe. Na ƙarshen shi zai nuna maka ko sun zame wa juna. Wayoyi da yawa ba sa riƙe adadin hotuna a daƙiƙa daram, yana hawa yana sauka, sai a doguwar hira ka ga baki ya riga murya. A mayar da bidiyon tsayayyen adadi da manhaja irin HandBrake kafin a fara yanka, ba bayan an yi sati ana aiki ba.

Kai ma mai tambaya, rufe bakinka. "To", "haka ne", "Allah sarki" da kake jefawa a tsakiyar maganar mutum ladabi ne a zaure, a fim kuwa sun hau kan muryarsa kuma ba sa ciruwa. Gyaɗa kai ya isa. In ya gama amsa, ƙirga uku a zuci kafin ka yi wata tambayar. Sau da yawa a cikin wannan shirun ne mutum yake ƙaro jimlar da ta fi duk abin da ya faɗa a baya.

Abin da ya sa nake jin zafin nan, tsakani da Allah, shi ne an sha wuya kafin a samu abin da kuke wasa da shi. Shekaru da dama kyamara tana da ƙara, kayan naɗar sauti kuma nauyi ne da su, don haka sai a ɗauko hoton mutane a dawo ɗakin aiki, wani mai murya ya zauna ya yi bayaninsu. Ana ganin talaka, ba a jin sa. Stefan Kudelski, ɗan asalin Poland, yana ɗalibi a Lausanne ta ƙasar Suwizalan ya ƙera Nagra ta farko, na'urar naɗa sauti ta tafi-da-gidanka, a 1951, samfuri na uku ya fito a 1958. Da irin wannan na'urar da ake ratayawa a kafaɗa, da ƙananan kyamarori na milimita 16, wajen 1960 masu fim a Amurka da Kanada da Faransa suka fara bin mutane cikin titi da ɗaki suna kama maganarsu daga bakinsu. Abin da ya sauya dokumentari ke nan, mutum ya samu ya yi magana da kansa. Yau kowane ɗalibi yana yawo da abin da ya fi wannan sauƙi a aljihu, sai ya mayar da mu zamanin da ake ganin baki na motsi wani yana fassara.

Kuma laifin ya faro ne tun daga yadda ake nazarin fim a aji. Kowa ya haddace cewa masanin fim Bill Nichols ya kasa dokumentari gida shida, ana zubo sunayen a jarrabawa a ci maki. Amma ka duba abin da ya fi raba su: muryar wa ake ji? Ta mai bayani daga sama wanda ba a ganinsa? Ta mutanen suna harkarsu kamar ba kyamara? Ta mai fim ɗin yana tambaya ana ba shi amsa? Ɗalibin da bai iya sauraro ba, bai iya nazari ba, komai yawan shafukan da ya cika da zancen kusurwar kyamara. Gwada wannan: ɗauki minti 5 na fim ɗin da kake nazari, juya wa allo baya, ka saurara. Raba takarda gida huɗu, magana, sautin wuri, kiɗa, mai bayani, ka rubuta daƙiƙar da kowanne ya shigo da wadda ya fita. Sannan ka kashe sauti ka kalli hoton zalla. Za ka ga muryar mutum tana shigowa kafin a nuna fuskarsa, ko ta ci gaba bayan hoto ya koma wani wuri. Za ka kama inda aka rufe hira da hoton hannu ko taga don a ɓoye cewa an haɗa jimla biyu da aka faɗa a lokuta daban. Za ka ji inda kiɗa ya shigo ya gaya maka abin da za ka ji a ranka tun mai magana bai kai ƙarshe ba. A nan mai fim yake ɓoye ra'ayinsa, a kunne, ba a ido ba.

Kiɗan ma, in dole sai an sa, ya zauna desibel 15 zuwa 20 ƙasa da magana, kuma a gwada fim ɗin a lasifikar waya, don a nan yawancin mutane za su kalla. Masu cewa ai an sa rubutu a ƙasan allo, rubutu na taimakon wanda ba ya jin harshen ne da wanda ba ya ji, ba faci ba ne na aikin da aka lalata. Naku ma layi uku ne a lokaci guda, fari a kan farar riga, yana ɓacewa kafin a kai rabi. Layi biyu ne iyaka, kowanne kada ya wuce harafi 42 ko kusa da haka.

Su kuma alƙalan da suka ba da lambar, ban san a wane ɗaki suka kalla ba, wataƙila su an ba su wani kwafin daban.

Af, sunayen ƙarshe. Fim na minti 14, jerin sunaye ya ci kusan uku. Sunan mutum ɗaya ya fito a darakta, furodusa, marubuci, mai ɗaukar hoto, mai tacewa, har da mai tsara ra'ayi, ko me hakan ke nufi. An gode wa abokai an gode wa 'yan aji, an gode wa mai duron sau biyu. Na mayar da shi baya na sake karantawa a hankali ina neman wanda aka rubuta a gurbin mai sauti. Gurbin ma babu shi. Sunan tsohuwar kuma an rubuta shi iri biyu, ɗaya a minti na 2, ɗaya a ƙarshe.