Kuɗin harajin da ake kashewa a kan na'urorin binciken sama bai tafi a banza ba

Duk sanda aka ce NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta harba kumbo zuwa duniyar Mars sai ka ji an fara ƙorafi, wai ga mutane na kwana da yunwa amma an ɗebi biliyoyin daloli an watsa a sama. Ni fa ban raina wannan magana ba, wanda ake yankar haraji daga guminsa yana da haƙƙin ya tambayi inda aka kai kuɗinsa. Amma a duba lissafin tukuna. Kasafin NASA gaba ɗayansa wajen dala biliyan 25 ne a shekara, bai kai ko rabin kashi ɗaya cikin ɗari na abin da gwamnatin Amurka ke kashewa ba, kuma na'urorin da ake turawa ba mutum a ciki wani yanki ne kawai daga wannan ɗin.

Na'ura ba ta cin abinci, ba ta shaƙar iska, ba sai an dawo da ita gida ba, shi ya sa take da sauƙin kuɗi a kan aika ɗan sama jannati. Ga kuma jimiri. Motar nan Opportunity da ta sauka Mars a Janairun 2004, kwana 90 kacal aka yi mata lissafi, amma ta yi ta rarrafe tana binciken duwatsu har Yunin 2018, ta ci kilomita 45, ta samo alamun cewa ruwa ya taɓa kwanciya a wurin, sai da guguwar ƙura ta tare rana farantan solarta suka daina samun wuta sannan ta yi shiru. Kumbon Voyager 1 kuwa tun 1977 aka harba shi, ya fice zuwa sararin da ke tsakanin taurari a 2012 yana ci gaba da aiko bayanai.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne DART, shirin NASA na gwada karkatar da dutsen da ke yawo a sararin samaniya. A watan Fabrairun 2013 wani dutse mai faɗin kusan mita 20 ya tarwatse a saman birnin Chelyabinsk na Rasha, ba wanda ya hango zuwansa, mutane wajen 1,500 suka ji rauni yawanci daga gilasan tagogi da suka farfashe. To idan da babba ne fa? A ranar 26 ga Satumban 2022 aka sa kumbon DART ya yi karo da gangan da wani dutse mai suna Dimorphos, mai faɗin wajen mita 160. Wanda ya kalli hotunan ƙarshen nan ba zai manta ba, ɗan ɗigo ne a cikin duhu yana girma yana girma har tsakuwoyin jikinsa suka cika allo, sai hoto ya yanke. Daga baya aka auna, lokacin da yake ɗauka ya zagaya babban dutsen da yake bi ya ragu da minti 32. Karon farko kenan da ɗan Adam ya karkatar da tafiyar wani abu a samaniya, a kan dala miliyan 300 da 'yan kai. Tsakani da Allah wannan kuɗi bai yi yawa ba a kan sanin cewa in dutse ya nufo mu akwai abin yi.

Ba wai ina cewa a riƙa sa hannu a kan kowace takardar kuɗi ido rufe ba. A 1999 an yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter saboda wani ɓangare na injiniyoyin ya yi lissafi da ma'aunin fam, ɗayan kuma da na mita, wannan sakaci ne kuma ya kamata ya ɓata wa mai biyan haraji rai. Shirin ɗauko samfurin duwatsun da motar Perseverance ta tara a Mars ma da aka ƙiyasta zai iya kai dala biliyan 11, ita kanta NASA a 2024 ta ce ya yi tsada, kuma na goyi bayan a taka masa birki a sake tunani. Indiya ai ta nuna ana iya yi da ƙaramin ƙarfi, da wajen dala miliyan 74 ta kai kumbonta Mangalyaan kewayen Mars a 2014, a yunƙurinta na farko ma kuwa.