Ina Telemann da Biber a wannan jerin?

Na karanta wani jerin fayafayan kiɗan gogen Turawa da wani marubuci ya tsara. Marubucin ya ce faifan makaɗin goge Nathan Milstein na 1973 ne kan gaba a kiɗan da Bach, Bajamushe mai tsara kiɗa, ya rubuta wa gogen Turawa shi kaɗai, kuma duk jerin nasa bai fita daga Bach ba, babu Telemann da Biber, waɗanda su ma suka tsara wa goge kiɗa. Milstein gwani ne, ba musu, amma kunnena ya fi kwanciya da Rachel Podger, wadda ta naɗi sonata da partita shida na Bach, wato kiɗan nasa na goge shi kaɗai, da goge irin na zamaninsa, mai tsirkiyar hanjin tumaki. Ka sa abin sauraro a kunne cikin dare ka ji Chaconne ɗinta, wato sashen ƙarshe na partita ta biyu: kana jin karzar izga a kan tsirkiya, sautin ya yi taushi, ba ya ƙara kamar na ƙarfe, kuma takun rawa yana fitowa fili. Ai Bach ya rubuta waɗannan sonata da partita a garin Köthen na Jamus a 1720, kuma partita jerin kiɗan rawa ce. Ɗan'uwa da ya yi sharhi a sama cewa tsohon goge ba shi da ƙarfi, ina roƙonka ka nemi Passacaglia ta Biber, wadda aka gina a kan sauti huɗu kacal masu gangarowa ana maimaita su daga farko har ƙarshe, ni dai sai da tsigar jikina ta tashi. Sannan fantasiya goma sha biyu na goge shi kaɗai da Telemann ya wallafa a Hamburg a 1735, me ya hana marubucin ambatonsu ko da a layi ɗaya?