Masu cewa zanga-zangar Wall Street ta tashi a banza, ku ɗan saurara

Jiya da daddare a majalisarmu gardama ta kaure kan zanga-zanga, wani abokina ya ce shi fa bai taɓa ganin inda fita titi ya canza komai ba, wai ko a Amurka da suka yi tasu a 2011 wata biyu suka yi suna kwana a waje cikin sanyi, 'yan sanda suka zo suka kwashe su, shikenan. Na so in ba shi amsa a wurin amma hayaniya ta yi yawa, kowa na so a ji shi, shi ya sa na ce bari in zo nan in faɗi nawa a tsanake, wanda zai iya karantawa ya karanta.

Farko dai mu tuna abin da ya fito da mutanen nan. A watan Satumba na 2008 bankin Lehman Brothers ya durƙushe, sauran manyan bankuna suka fara tangal-tangal, kuma ba wani ne ya jefa su ciki ba, su ne suka yi ta rabon bashin sayen gida ga mutanen da suka san da wuya su iya biya, suna tattara basussukan suna sayarwa junansu kamar haja, suna cin ƙazamar riba. Da abin ya fashe, gwamnati ta ware dala biliyan 700 ta ceto su. Talakan da ya ci bashin fa? Miliyoyin mutane aka ƙwace wa gidaje, aka fito musu da kaya bakin titi. A 2009 rashin aikin yi ya kai kashi 10 cikin ɗari. A shekarar dai kamfanin inshora na AIG, wanda da kuɗin harajin jama'a aka tsamo shi, ya raba wa manyan ma'aikatansa tukuicin dala miliyan 165. Kuma cikin shugabannin manyan bankunan nan babu ko ɗaya da ya shiga gidan yari. Dan Allah ka sa kanka a matsayin wanda aka kora daga gidansa yana kallon wannan a talabijin. Sai kuma a 2010 kotun ƙolin ƙasar ta yanke hukuncin nan da ake kira Citizens United, wanda ya buɗe wa kamfanoni ƙofa su zuba kuɗi iya son ransu a tallan siyasa lokacin zaɓe, kenan wanda ya cuce ka shi ne kuma ke da bakin magana wurin wanda za ka kai wa ƙara.

To ranar 17 ga Satumba 2011 mutane suka amsa kiran wata mujalla ta Kanada mai suna Adbusters, suka nufi Wall Street, unguwar manyan bankuna da kasuwar hannun jari a New York. Suka yada zango a wani ɗan fili da ake ce wa Zuccotti Park, kuma dabara ce, don filin na wani kamfani ne mai zaman kansa da aka ɗora wa sharaɗin barinsa a buɗe dare da rana, ba kamar filayen gwamnati da ake rufewa da dare ba. Sun ga abin da aka yi a dandalin Tahrir na Alƙahira da na Madrid a shekarar, suka ce su ma za su zauna ba za su tashi ba, suka kira tasu Occupy Wall Street, wato a mamaye Wall Street.

Ni lokacin ina makaranta, a ɗakin kallo na hostel nake bin labarin, kuma abin da ya fi tsaya min a rai har yau shi ne yadda suke magana. Doka ta hana su amfani da lasifika ba tare da izini ba. Sai mai magana ya faɗi 'yan kalmomi ya tsaya, na kusa da shi su maimaita da ƙarfi gaba ɗaya, na bayansu su sake maimaitawa har maganar ta isa ƙarshen taro. Wallahi ina ganin haka na tuna masallacin unguwarmu idan aka ɗauke wuta, liman ya yi kabbara ladan ya ɗaga murya ya isar wa sahun baya. Sai dai su nan kowa ladan ne, har wanda bai yarda da maganarka ba sai ya maimaita ta da bakinsa kafin ya ce bai yarda ba. Idan sun gamsu sai su ɗaga hannu suna kaɗa 'yan yatsu, idan ba su gamsu ba su kifa hannun ƙasa. Suka kafa kicin ana ciyar da duk wanda ya zo har da marasa matsuguni, mutanen da ba su taɓa ganinsu ba suna bugo waya daga wasu garuruwa suna biyan kuɗin abinci a kai musu, suka haɗa laburare na littattafai sama da dubu biyar a cikin tanti. Ranar 1 ga Oktoba aka kama sama da mutum 700 a kan gadar Brooklyn, kuma maimakon abin ya mutu sai ya bazu zuwa ɗaruruwan garuruwa.

Eh, abokina ya yi gaskiya a abu ɗaya, an kwashe su. Ranar 15 ga Nuwamba cikin tsakar dare 'yan sanda suka dira bisa umarnin magajin garin, Michael Bloomberg, wanda shi kansa biloniya ne da ya yi arzikinsa da sayar wa bankunan nan bayanan kasuwa, aka tattara tantuna da littattafan aka loda a motocin shara, har daga baya birnin ya biya diyya kan littattafan. Kuma ni ma ina da nawa ƙorafin a kansu, ba zan ɓoye ba. Sun ƙi naɗa shugaba, sun ƙi fitar da takardar buƙatu a ce ga abu ɗaya biyu uku da muke so, komai sai an zauna taro kowa ya yarda, taron da kan ci awanni ana jayayya kan masu buga ganga da suka dami maƙwabta. Mai aiki biyu a rana da 'ya'ya a gida ina ya ga lokacin wannan? Wannan ya cutar da su sosai, don ranar da aka ƙwace filin ba su da wani wuri ko wata ƙungiya da za su koma su tattara kansu.

Amma a ce ta tashi a banza? Haba. Kafin su fito, abin da ake ta magana a kai a siyasar Amurka shi ne gwamnati ta rage kashe kuɗi, bashi ya yi yawa, a tsuke aljihu, kuma kowa ya san aljihun wa ake tsukewa. Wanda ya rasa gida ko aiki yana zaune a ɗaki yana jin kunya, yana ganin laifinsa ne, shi ne bai yi dabara ba. Sai ga mutane da kwali a hannu suna cewa mu ne kashi 99 cikin ɗari, wato sauran jama'a da ba sa cikin kashi ɗaya na manyan masu kuɗi. Mutum ya rubuta labarinsa a takarda ya riƙe a gaban fuskarsa a ɗauke shi hoto a sa a intanet, wannan ta ce na gama digiri da bashi a wuya ba aiki, wancan ya ce rashin lafiyar matata ta cinye gidanmu, dubbai da dubbai, sai kowa ya gane ashe ba shi kaɗai ba ne, ashe ciwon ɗaya ne kuma akwai wanda ke amfana da shi. Ai sai ka san sunan cuta kake neman maganinta. Yau ko a nan gida ka ce "kashi ɗaya cikin ɗari" mai bin labarai ya san su wa kake nufi.

Kuma ba a magana kaɗai ta tsaya ba. Shekara ɗaya bayan nan, a Nuwamba 2012, ma'aikatan gidajen abinci irin su McDonald's a New York ɗin dai suka ajiye aiki suna neman dala 15 a awa, a lokacin da mafi ƙarancin albashi na tarayya yake dala 7.25. Mutane da yawa sun ɗauka mafarki ne. A 2016 jihohin New York da California suka sa hannu a dokar da za ta kai shi 15 ɗin. Wasu daga cikin mutanen filin suka tara kuɗi suna sayen basussukan asibiti na talakawa a farashi mai rahusa suna yafewa, da guguwar Sandy ta afka wa birnin a 2012 su ne suka bazama unguwannin talakawa da abinci da barguna. Sanata Bernie Sanders da ya girgiza jam'iyyar Democrat a 2016 yana neman takarar shugaban ƙasa, a kan maganar nan ya hau. Ban ce su kaɗai suka yi duk wannan ba, ƙungiyoyin ƙwadago sun yi aiki babba, amma waɗancan ne suka yi sharar gonar.

Mu ma fa mun ari sunan, ko an manta? Janairun 2012 da aka cire tallafin mai lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 141, Occupy Nigeria muka kira tamu. Ina cikin waɗanda suka je Silver Jubilee a Kano, ga hunturu ga hazo, na tuna wani dattijo mai shayi da ya turo teburinsa har wurin yana zuba wa matasa yana cewa ku sha 'ya'yana, wanda ke da kuɗi ya bayar wanda babu ya tafi. Mu muna da buƙata ƙwaya ɗaya a fili, a dawo da 65. Aka ba mu 97, ƙungiyar ƙwadago ta janye yajin aiki, muka koma gida. Abin da ke ci min rai shi ne mun yi maganar farashi sosai amma ba mu daɗe a kan tambayar su wa ke cinye kuɗin tallafin ba, su wa ke shigo da man, me ya sa matatunmu suke kwance, kuma ta yaya mutanen nan suke da kujera a gaban kowace gwamnati. Majalisar wakilai ta yi bincike a shekarar, aka yi ta surutu na 'yan watanni, muka bar zancen ya shuɗe. A 2023 aka cire tallafin gaba ɗaya, kowa ya san nawa yake sayen lita yanzu.

Shi ya sa idan na ji ana raina waɗanda suka kwana a Zuccotti raina ke ɓaci. Bankunan suna nan, sun ma ƙara girma, mafi ƙarancin albashin tarayya har yanzu yana 7.25 ɗinsa, duk na sani. Amma wani ɗan uwana da ke aikin kai abinci gida-gida a Bronx, wanda bai taɓa riƙe kwali ba a rayuwarsa, ya taɓa gaya min a waya cewa lokacin da aka ƙara albashin ne matarsa ta bar aikin dare ta koma na rana kaɗai, yanzu ita ke zuwa ɗauko yara daga makaranta. Abokina, anjima idan mun haɗu bayan isha'i zan ba ka lambarsa ka tambaye shi da kanka.