Ƙaninka Ya Iya Karatu, Ko Hadda Yake Yi?

Assalamu alaikum 'yan'uwana samari da 'yan mata. Dogon hutu ya ƙare, Satumba ta shigo, unguwa ta cika da yara masu sabon yunifom, wasu ko allin tela bai gama fita daga jikin rigarsu ba. A makon nan kowa ya yi ƙoƙari, ban raina ba. Wani ya kai ƙaninsa aski, wata ta zauna ta yi wa ƙanwarta kitso, wani ya ciro daga ɗan abin da yake samu a shago ko a kan babur ya sayo sandal da jaka da dozin ɗin littafin rubutu. Allah ya saka da alheri. Tambaya ɗaya gare ni, kuma kada a yi saurin amsa mini: yaron nan da ka saya wa jaka, ya iya karatu?

Za ka ce ai aji biyar zai shiga. Ni ma abin da na ce ke nan bara war haka. Ƙanina ya zo da littafinsa na Hausa bayan sallar magariba, ya buɗe, ya zuba mini shafi guda ba gargada. Har na fara fasa kai, sai na lura yatsansa yana layi na uku, bakinsa kuwa ya kai ƙasan shafi. Akwai katin ɗaurin aure yashe a kan tabarma, na ɗauka na miƙa masa na ce to karanta mini wannan. Yaro ya zuba wa kati ido. Ya san sunan kowane harafi, zai ce maka wannan "ga" ne, wancan "ya" ne, amma ya haɗa su su ba da "gayyata" abin ya gagara. Shekara huɗu yana tafiya makaranta kullum, ni ina ba shi kuɗin tara, ban taɓa zama na gwada shi ba.

Ban ga laifin yaron ba, malaminsa ma ban ɗora masa duka ba. Wanda ya taɓa leƙa ajin firamaren gwamnati a cikin gari ya san yadda yake: yara danƙam, wasu a benci wasu a ƙasa, malami ɗaya da alli. Zai rubuta a allo, ya karanta, su maimaita da murya ɗaya. Yaranmu kuwa kunnensu a wasa yake, sun saba da hadda tun daga islamiyya, sau uku za a faɗa sun ɗauke. A cikin wannan amshi babu mai gane wanda ke karantawa da wanda ke bin yarima a sha kiɗa. Haka za a yi ta tura shi aji na gaba, sai ya shiga ƙaramar sakandare asiri ya tonu, a lokacin kuma kunya ta riga ta shige shi, ba zai yarda ya ce bai iya ba.

Hadda abu ce mai daraja, da ita aka tsare mana Alƙur'ani. Amma ku tuna ko a makarantar allo ba a barin yaro da ita kaɗai. Sai ya yi babbaƙu, ya yi farfaru, ya iya haɗawa da kansa. Kuma malam ba shi yake bin kowane kolo ɗaya bayan ɗaya ba, gardi ne ke zama ya biya wa na ƙasa da shi. Wannan tsarin namu ne tun kaka da kakanni. Da aka zo boko sai muka watsar, muka ce aikin malami ne, mu namu sayen jaka.

Maganin mai hadda shi ne ka ba shi abin da bai taɓa ji ba, yau wannan, gobe wancan, har idonsa ya koyi aikin da kunne yake yi masa. Don haka aka yi ɗakin karatu a makaranta. Da abin ƙanina ya dame ni sai na taka zuwa firamaren da na yi, wadda shi ma yake yi. Ɗakin yana nan inda na san shi, amma ya zama wurin ajiye karyayyun bencina. A kusurwa ga kabad da kwaɗo duk tsatsa. Da aka lalubo makulli aka buɗe, sai ga littattafai, wasu ko ledarsu ba a yage ba. Na sahun ƙasa kuwa laimar damina ta manne su, gara ta yi gini a ciki.

Na so in yi faɗa, amma da hedimasta ya yi mini bayani sai jikina ya yi sanyi. Ƙirga masa littattafan aka yi ya sa hannu, in aka zo duba makaranta aka tarar babu, shi za a tuhuma. Ba shi da malamin da zai ware ya zauna a ɗakin, waɗanda yake da su ma ba su ishi azuzuwa ba. Sai ya ga kullewa ta fi masa kwanciyar hankali. Ga shi kuwa abin da ya hana yara, gara ta ci.

A nan nake so mu ji kunya kaɗan. A 1933 aka sa gasar rubuta labaran Hausa daga Zariya, ƙarƙashin wani Bature jami'in ilimi, Rupert East, saboda an lura yaran da suka koyi boko ba su da abin karantawa a harshensu. Abubakar Imam, wanda ya shiga da Ruwan Bagaja, malamin makaranta ne a Katsina, shekararsa 22. Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai Shaihu Umar, shi ma malami ne a Bauchi, bai ma kai shi shekaru ba. Sa'anninmu ne, wasunmu sun girme su nesa ba kusa ba. Su sai da suka zauna suka ƙirƙiro littafin daga babu. Da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939, mutum ɗaya mai karatu kan zauna a zaure ya karanta wa jama'a. Mu an rubuta, an buga, an kawo har cikin makaranta, buɗe kabad ya gagare mu.

To ga abin da nake roƙo, musamman ku da kuke zaune kuna jiran sakamakon jarrabawa, da masu bautar ƙasa, da mu da muke da sarari da safe. Kowa ya san makon farko na zango makon shara ne da nome ciyawa, ba a cika karatu ba. Ku haɗu ku biyu ko uku ku je makarantar da ta yaye ku. Ku yi sallama, ku gaida hedimasta gaisuwa irin ta ɗa da uba, ku ce kun zo taya aiki ne. Don Allah a bar waya a aljihu. Wanda ya shiga yana ɗaukar hoton rufin da ya yaye don ya zuba a Facebook, ya rufe wa na bayansa ƙofa, ba za a ƙara yarda da wani matashi ba.

Ku fito da littattafan ku shanya, ku kakkaɓe, ku janye kabad daga jikin bango ku ɗora shi a kan bulo. Kada ku wahalar da kanku da irin tsarin babban laburare. Kashi uku ya isa: masu hoto da kalmomi kaɗan, masu gajerun labarai, sai masu tsawo irin su Magana Jari Ce don 'yan aji biyar da shida. Ku sami littafin rubutu guda ku ja layi, sunan yaro, ajinsa, abin da ya ara, da rana. Wannan rajistar ita za ta kwantar wa hedimasta hankali, ita ce kuma hujjarsa in an tambaye shi. Ku damƙa ta ga 'yan aji shida biyu masu natsuwa. A ara ranar Juma'a, a dawo da shi Litinin. Wani zai dawo a yage, wani da tabon manja. A sa salatif a manne, a ci gaba.

Inda babu ɗakin ma sam, kwali ɗaya da tabarma a inuwar darbejiya sun wadatar. Muna da zaurukan tsofaffin ɗalibai a WhatsApp, kuɗin anko da na walima ba ya gagarar mu, ashe littafi ɗaiɗai ba zai gagara ba. Mai kaka a raye ya je ta yi masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ya rubuta da manyan baƙaƙe, a buga a shagon kwamfuta. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ce ilimin farko kyauta ne kuma dole, mu ci gaba da bin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiharmu (SUBEB) kan haƙƙin yara. Sai dai kafin takarda ta zagaya ofisoshi, ɗan aji uku ya zama ɗan aji biyar.

Da Hausa za a fara. Na san akwai iyayen da suke ganin karatun Hausa ɓata lokaci ne, Turanci suke so su ji. Ku lallashe su. Yaron da aka miƙa wa littafin Turanci alhali bai iya haɗa baƙi ba, kokawa biyu yake yi lokaci guda, da haruffa da kuma harshe. In Hausa ce, da ya haɗa "tu" da "lu" ya ga tulu a ransa, sai ya yi murmushi ya nemi ta gaba. Ranar da ya iya, da wannan dabarar zai shiga Turancin. Ku kula masa da masu lanƙwasa, ya san kafa daban ƙafa daban, baki ba baƙi ba ne. Ko mu manya a waya mun kashe su.

Sai babban sharaɗi: ban da bulala, ban da dariya. Ranar katin nan na yi kuskure na ce da ƙanina, "Kai, ashe dai ba ka iya komai ba." Kwana uku in ya gan ni da littafi sai ya zame. Da ƙyar na shawo kansa. In yaro ya tsaya a kalma, ka yi shiru ka bar shi ya yi fama da ita, sa'annan ka taimaka da gaɓar farko. In ya gama ka rufe littafin ka tambaye shi me ya faru, wa ya yi wayo, wa aka cuta. Wanda ya karanta bai gane ba, har yanzu da sauran aiki.

'Yan'uwa mata, ku kuka fi mu kusa da ƙannenmu mata. Yarinya na dawowa ga wanke-wanke, ga raino, wata ga talla, littafin da ta aro sai ya kwana a jaka har Litinin. Ku roƙar mata Umma rubu'in sa'a, ko da za ku karɓi aikin ne a hannunta. Mu maza kuwa, wanda ke iya zaman minti casa'in a gidan kallo ba shi da bakin cewa ba lokaci.

Ni tsakanin magariba da isha na ware, kusan kullum, har zango biyu. Turancinsa har yau da sauran gyara, yana cije-cije. Amma kwanakin baya na goyo shi a babur za mu kasuwa, muna tsaye a danja sai na ji ya taɓa ni: "Yaya, dubi shagon can. Wai ana sayar da kankara. Mai fentin bai sa lanƙwasa ba."