A Yi Maganarka Ko A Karanta Ka?

A ranar 1 ga Afrilun 2014, gidan rediyon NPR na Amurka ya wallafa wani take a Facebook yana tambayar dalilin da ya sa Amurkawa suka daina karatu. Kafin ka ce kwabo mutane sun yi ca, wasu suna rantsuwa cewa su kam ba su taɓa rabuwa da littafi ba, wasu kuma suna ɗora laifin a kan makarantu da wayoyin hannu. Abin da masu hayaniyar ba su sani ba shi ne babu wani labari a bayan taken. Wanda duk ya latsa ya shiga, 'yan layuka kawai ya tarar suna shaida masa cewa tarko ne, ana kuma roƙonsa da ya ja bakinsa ya yi shiru, domin a ga su wane ne za su yi tsokaci a kan abin da ba su karanta ba. Waɗanda suka fi kowa ɗaga murya wajen kare martabar karatu, su ne tarkon ya kama.

Nakan tuna da wannan labari duk lokacin da wani sabon marubuci ya tambaye ni yadda zai yi a san da rubutunsa a intanet, a riƙa maganarsa. Tambaya ce mai ma'ana, domin babu wanda ke kwana a zaune yana gyara jimloli don kawai ya ajiye su a inda ba mai gani. Sai dai tambayar ta cakuɗa abubuwa biyu da ba lallai su zo tare ba: a yi surutu a kan rubutun mutum, da kuma a karanta shi. Ra'ayina shi ne yawancin dabarun da ake koya wa marubuta a yau na farkon suke samarwa, suna kuma cinye na biyun, kuma marubucin da ya kasa bambance su zai wayi gari da suna a bakin jama'a amma ba shi da masu karatu.

A shekarar 2016, masu bincike daga Jami'ar Kolombiya ta Amurka da cibiyar Inria ta Faransa sun bibiyi labaran wasu manyan kafofi da ake yaɗawa a Twitter, suka gano cewa kusan kashi 59 cikin ɗari na mahaɗan da aka yaɗa, wato adireshin da ake latsawa a shiga labarin, babu wanda ya taɓa latsa su. Ke nan adadin yaɗawar nan da marubuci ke tashi cikin dare yana dubawa, yana murna idan ya hau, yana damuwa idan ya tsaya, sau da yawa ba rubutun yake aunawa ba, taken yake aunawa, tare da abin da mai yaɗawar ke son a ɗauke shi a kai.

Na ɗanɗana wannan da kaina. Na taɓa yin wani rubutu mai tsawo, na ɗora masa take mai zafi wanda ya ɗan zarce abin da ke ciki, kuma ba zan yi ƙarya in ce ban san abin da nake yi ba. Kwana biyu wayata ba ta huta ba. Amma da na zauna na bi maganganun ɗaya bayan ɗaya, sai na ga masu yabo suna yaba mini a kan matsayin da ban ɗauka ba, masu zagi kuma suna kawo mini hujjar da na riga na kawo na kuma amsa a sakin layi na huɗu. Babu wanda ya kai sakin layi na huɗu. Da na wallafa rubutu na gaba bayan mako guda, taron ya watse kamar ba a taɓa yin sa ba.

Ba wani asiri ba ne abin da ke sa rubutu ya bazu. Jonah Berger da Katherine Milkman na Jami'ar Pensilbaniya sun yi nazarin maƙalu kusan 7,000 na jaridar New York Times, kuma a sakamakon da suka fitar a 2012 sun nuna cewa abin da ke tayar da hankali, wato mamaki da fushi da fargaba, shi aka fi turawa ga wasu, yayin da abin da ke sanyaya jiki kamar baƙin ciki ba ya tafiya da nisa. A 2018 kuma masu bincike a jami'ar MIT suka wallafa a mujallar Science cewa, cikin labarai kusan 126,000 da suka yi yawo a Twitter tsakanin 2006 da 2017, ƙarya ta fi gaskiya saurin bazuwa, har gaskiya kan ɗauki kusan ninki shida na lokacin da ƙarya ke ɗauka kafin ta isa ga mutum 1,500. Takardun cikin gida na Facebook da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin, ta fallasa a 2021 sun ƙara nuna cewa akwai lokacin da lissafin da ke zaɓar abin da mutum zai gani yake ba alamomin motsin rai, har da ta fushi, nauyin da ya ninka na alamar so sau biyar. Saboda haka wanda surutu kawai yake nema, hanyarsa a buɗe take: ya tsokano wani, ya zuzuta abin da bai kai ba, ya kuma bar gaskiya ta biyo baya idan ta ga dama. Matsalar ita ce mutanen da fushi ya tara, fushi suke zuwa nema, kuma gobe sai an ƙara musu wanda ya fi na jiya. Marubucin da ya shiga wannan hanya ba shi ke riƙe da alƙalaminsa ba kuma, taron ne ke riƙe da shi.

Ko da mutum ya yarda ya biya wannan farashi, filin da yake gini a kai ba nasa ba ne, kuma wannan ne ɓangaren da na ga an fi yin sakaci da shi. Kafar Upworthy, wadda aka kafa a 2012, ta shahara da irin taken nan mai ɓoye labari yana jan rai, har ma ƙa'idarta ce a rubuta take 25 ga kowane labari kafin a zaɓi ɗaya. A Nuwamban 2013 masu ziyartarta sun haura miliyan 80 a wata guda. Daga nan Facebook ya soma sauya lissafinsa, a Agustan 2014 ya fito fili ya ce zai rage nuna irin waɗannan take, kuma adadin ya yi ƙasa sosai. A Janairun 2018 Mark Zuckerberg ya sanar cewa za a fifita abin da dangi da abokai suka wallafa a kan na kafofin labarai, kuma kafin ƙarshen Fabrairu kafar LittleThings ta rufe, tana cewa sauyin ya kwashe mata kusan kashi 75 cikin ɗari na masu shigo mata ba tare da talla ba. BuzzFeed News, wadda har lambar yabo ta Pulitzer ta ci a 2021, an sanar da rufe ta a Afrilun 2023, kuma shugaban kamfanin, Jonah Peretti, ya amsa cewa ya makara wajen yarda cewa manyan dandamali ba za su ɗauki nauyin yaɗa aikin jarida ba. A Kanada kuwa, kamfanin Meta ya toshe labarai gaba ɗaya a Facebook da Instagram tun daga Agustan 2023 saboda saɓani a kan wata doka. Upworthy da LittleThings da BuzzFeed kamfanoni ne masu ma'aikata da jari da ƙwararrun masu lissafi. Idan kayan aro bai rufe musu katara ba, ban ga yadda zai rufe wa marubuci guda mai aiki shi kaɗai ba.

Sayen mabiya kuwa ba ya buƙatar dogon bayani. Binciken New York Times na Janairun 2018 a kan kamfanin Devumi mai sayar da mabiya ya tona asirin fitattun mutane da dama da suka sayi mabiya na bogi, kuma a Yulin shekarar Twitter ya share miliyoyin asusu daga lissafin mabiya. Asusun bogi ba ya karatu, ba ya kuma gaya wa kowa.

Wani zai ce to ai wannan wa'azin zaman jira ne, a ce wa marubuci ya inganta aikinsa kawai sauran kuma sai abin da Allah ya yi. Wannan suka tana da ƙarfi, kuma ba na cikin masu cewa rubutu mai kyau shi ke tallan kansa. Ba ya yi. Rubuce-rubuce masu daraja da yawa sun mutu ba a gan su ba saboda masu su sun ɗauki neman masu karatu a matsayin zubar da girma. Take mai kyau wajibi ne, muddin alkawarin da ya ɗauka rubutun ya cika shi. Amfani da kalmomin da mutane ke rubutawa idan suna neman abu ba yaudara ba ce, ladabi ne ga mai nema. Kafofin sada zumunta ma ƙofa ce mai amfani, in dai an ɗauke su a matsayin ƙofa ba ɗaki ba. Bambancin yana wurin wanda marubucin ke ƙoƙarin kaiwa gare shi.

A nan tarihin Google yana da abin koya. Dabarar da Larry Page da Sergey Brin suka gina kamfanin a kanta a 1998 mai sauƙin fahimta ce: duk lokacin da wani ya saka mahaɗi zuwa ga rubutunka, tamkar ya ba da shaida ce a kanka, kuma shaidar wanda shi ma ake yawan nunawa ta fi nauyi. Mutane sun shafe shekaru suna neman hanyar zamba, suna tara rubutu marar ƙwari, suna sayen mahaɗai, har kamfanin ya fito da sauyin Panda a 2011 da na Penguin a 2012 don murƙushe su. Amma tushen dabarar bai tsufa ba, domin tun kafin kwamfuta haka suna ke tafiya tsakanin mutane: ambato ɗaya daga bakin wanda ya san fannin ya fi ihun dubu daga waɗanda ba su sani ba. Shi kuma masani ba ya ambaton abin da ya riga ya gani a wuri goma. Yana ambaton wanda ya je ya gani da idonsa, ko ya zauna ya ƙirga abin da wasu suka yi ƙiyasi, ko ya warware wata matsala ƙarama da kowa ya tsallake. Shi ya sa ƙunƙuntar fage ya fi faɗaɗa shi amfani ga mai farawa. Wanda ke rubutu a kan komai yana gasa da duniya baki ɗaya, wanda kuwa ya riƙe abu ɗaya ya ƙware, zai iya zama sunan farko da ke faɗo wa mutane a rai idan maganar ta taso.

Isar da rubutu ga irin waɗannan mutane aiki ne na hannu, ba na taro ba. Akwai tazara mai nisa tsakanin wanda ya lissafo sunayen mutum hamsin a ƙarƙashin rubutunsa yana roƙon a taimaka a yaɗa, da wanda ya rubuta wa mutum ɗaya layi uku yana cewa ya karanta aikinsa a kan abu kaza, ya yi amfani da hujjarsa a wuri kaza, ya kuma saɓa masa a wuri kaza ga dalili. Na farkon ana gogewa ne ba a buɗe ba. Na biyun ko bai sami amsa ba an karanta shi, kuma sau da yawa saɓanin da aka yi cikin mutunci shi ke jawo amsar.

Akwai kuma masu karatun da ba su da murya. Jakob Nielsen, masanin yadda mutane ke amfani da intanet, ya bayyana a 2006 cewa a yawancin dandamali kusan kashi 90 cikin ɗari kallo kawai suke yi, kashi 9 kan tanka jefi-jefi, kashi 1 ne ke yin yawancin maganar. Marubucin da ke gyara alƙalaminsa don ya dace da masu surutu, kashi ɗayan nan yake bauta wa. Sauran suna nan, kuma idan rubutu ya taɓa su ba sa shelantawa, sai dai su tura wa ɗan'uwa ko abokin aiki ta WhatsApp ko imel da 'yar gajeriyar jimla cewa duba wannan. Irin wannan turawa ba ta bayyana a kowane adadi da jama'a ke gani, amma ita ce mafi tsada, domin mai turawar ya jingina mutuncinsa da rubutun a gaban wanda ya san shi. Samun adireshin imel na waɗannan mutane da yardarsu, ko da ɗari biyu ne, shi ne kaɗai jarin da sauyin lissafin wani kamfani ba zai kwashe a dare ɗaya ba. Buƙatar hakan ta ƙara fitowa fili tun Mayun 2024, lokacin da Google ya fara ɗora taƙaitacciyar amsa ta ƙirƙirarriyar basira a saman sakamakon bincike, ta yadda mai neman bayani na gama-gari zai iya samun biyan buƙata ba tare da ya shiga ko'ina ba. Abin da na'ura ba za ta taƙaita ta maye gurbinsa ba shi ne marubucin da ake nema da sunansa.

A shekarar da na yi wancan rubutu mai zafin take, na yi wani dabam a kan wata 'yar matsala ta fannin aikina, wanda a makonsa na farko ko tari babu wanda ya yi a kansa. Na ɗauka ya mutu. Bayan kusan shekara biyu sai ga saƙo daga wata malama da ban taɓa sani ba, tana cewa wani abokin aikinta ne ya tura mata, kuma tana ba ɗalibanta su karanta a kowane zango. Ta kuma nuna mini cewa na yi kuskuren lissafi a sakin layi na goma sha ɗaya. Na koma na duba, kuma gaskiyarta ce.