Waƙafi ba masaukin numfashi ba ne

Makon jiya ɗiyar ƙanwata, wadda za ta zauna jarrabawar WAEC bana, ta kawo mini wata takarda da ake rabawa a cibiyar darasin yamma da take zuwa a nan cikin garin Sakkwato, takardar da tuni ta karaɗe zaurukan WhatsApp na ɗalibai daga Mabera har Arkilla. Ƙa'idar da takardar ta bayar game da waƙafi a rubutun Turanci layi ɗaya ce tak: ka karanta jimlar a bayyane, duk inda ka ja numfashi, nan za ka ɗiga shi. Na tambaye ta ko ta gamsu da haka, sai ta ce, "Kawu, ai haka malaminmu ya ce, kuma ya fi sauƙin riƙewa." Da na buɗe littafinta, jimlar farko da idona ya sauka a kanta ita ce "The students who came late to school, were punished." Ta ja numfashi bayan kalma ta bakwai, ta bi umarnin takarda, ta raba masu laifin da hukuncin da aka yi musu, alhali Turanci bai yarda waƙafi guda ya gitta tsakanin aikau da aikatau ba, komai tsawon jimlar.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne a ce a Sakkwato ake koyar da wannan. Kalmar waƙafi kanta daga Larabci muka aro ta, kuma duk wanda ya durƙusa gaban malamin tajwidi ya san cewa ma'ana ce ke nuna wurin tsayawa. Ba a barin almajiri ya tsaya a kan "la taƙrabus salata" a aya ta 43 ta Suratun Nisa'i don kawai numfashinsa ya ƙare, domin tsayawar za ta juya ma'anar gaba ɗaya. Idan kuwa numfashin ya yanke masa ala tilas, sai ya koma baya ya haɗo maganar. Yaran da suka tashi da wannan tarbiyya su ne yanzu ake gaya wa cewa a Turanci ƙirji ne alƙali. To ƙirjin wa? Mai fuka da ɗan tsere ba wuri ɗaya suke hutawa ba, amma jimla ɗaya ce a gabansu, kuma ma'ana ɗaya ake so su fitar.

A dubi sanarwar da shugaban makaranta zai iya mannawa a allo. Idan ya rubuta "The teachers who were absent will not be paid," malaman da ba su zo ba kaɗai ya hana albashi. Idan ya kewaye "who were absent" da waƙafi biyu, ya ce ke nan duka malaman ba su zo ba, kuma babu wanda zai ga ko sisi. Kalmomin ba su canza ba, numfashin mai karantawa ma bai canza sosai ba, amma albashin mutane ya tafi. Haka kuma ɗalibanmu suke liƙa cikakkun jimloli biyu da waƙafi, su rubuta "I went to the market, I did not find rice," inda ake buƙatar aya ko mahaɗi irin "but". Wannan kuskure ɗan halak ne na ƙa'idar numfashi, domin a daidai nan kowa yake ɗan dakatawa idan yana magana.

Wanda ya ɗauka wasa ne ya tambayi kamfanin madara na Oakhurst da ke jihar Maine ta Amurka. Dokar jihar ta jero ayyukan da ba a biyan kuɗin ƙarin lokaci a kansu, ta rufe jerin da "packing for shipment or distribution" ba tare da waƙafi kafin "or" ba. Direbobin kamfanin suka kai ƙara, suka ce tunda babu waƙafin, ɗaure kaya domin aikawa ko rarrabawa kaɗai dokar take nufi; su kuwa rarraba kaya suke yi, ba ɗaure kaya ba, don haka togaciyar ba ta shafe su ba. A 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta yarda cewa maganar na da fuska biyu, kuma a 2018 aka sasanta a kan dala miliyan 5.

Tamu hasarar ta fi kusa da gida. A takardar insha'i ta WAEC an ware maki 10 domin daidaiton nahawu, rubutun kalmomi da alamomi, kuma kowane kuskure rabin maki yake ci. Yarinyar da ta yayyafa waƙafi kamar mai shuka gero za ta iya ƙarar da makin nan kafin ta kai ƙarshen shafi, kuma ba ta shiga Jami'ar Usmanu Danfodiyo sai da kiredit a Turanci. Masu cewa manhajar waya za ta gyara komai sun manta ba a shiga ɗakin jarrabawa da waya. Masu cewa ai Turanci ba harshenmu ba ne kuwa, sai su daina karɓar kuɗin iyaye da sunan koyar da shi.

Ban ce a cika wa yara kai da ƙa'idoji hamsin ba. A koya musu su gane aikau da aikatau a cikin jimla, su bambanta bayanin da za a iya cirewa da wanda ma'ana ta rataya a kansa, sa'an nan a ba su rubutu mai yawa, malami ya zauna da jan biro ya duba, wanda shi ne aikin da ake gudu har aka ƙirƙiro ƙa'idar layi ɗaya. Su kuma masu cibiyar nan, su janye takardarsu daga hannun yara kafin ranar jarrabawa, su sanar a zaurukan da ta shiga cewa kuskure ce.